Yadda Normat Ya Gyara Lambun Matarsa

A unguwarmu da ke gefen birnin Namangan ba a tambayar inda gidan Normat yake. Ka tsaya a bakin layi ka yi shiru kawai, inda ka jiyo murya tana cewa "Ni da na...", to nan ne. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas tsakanin Namangan da Tashkent, kuma tun da ya ajiye aiki babu sana'ar da bai ƙware a kanta ba, da baki. Ya san gini, ya san maganin ciwon gwiwa, ya san abin da ke kawo girgizar ƙasa. Abu guda ne bai taɓa sa wa hannu ba, lambun gidansa. Wannan aikin matarsa ne, Mastura. Shi nasa ya zauna a inuwar rumfar inabi yana ce wa baƙi, "Ku ci, ku ci, duk guminmu ne."

Wata kaka, ganye ya fara zuba, sanyin safiya ya fara cizon kunne, sai aka bugo waya daga garin Andijon cewa 'yarsu ta sauka lafiya. Mastura ta ɗaure kaya za ta je ta zauna da ita har arba'in. Amma hankalinta bai kwanta ba. Da bazara, in ƙanƙara ta narke, za a yi bikin ɗansu Sanjar a wannan tsakar gida, a ƙarƙashin wannan rumfa. Itacen inabin kuwa marigayi mahaifinta ne ya dasa shi da hannunsa ranar da aka kawo ta gidan.

"Baban yara, saurara da kyau," in ji ta. "A zuba taki, ruɓaɓɓe wanda ya shekara. A dasa tafarnuwa. Kawunan furen lola, masu kama da albasa, suna cikin buhu a ɗakin ajiya, su ma a dasa. Sannan a sauko da inabi daga rumfa a kwantar da shi a rufe da ƙasa kafin sanyi ya kama shi. Ka kira Holdar, ya san komai. Kai dai ka dafa masa shayi."

Holdar maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma tare suka tashi da Normat suna tsokanar juna tun ba su san ciwon kansu ba.

Normat ya dafe ƙirji. "Holdar? Ni in kira Holdar? Uwar yara, kin san da wa kike magana kuwa? Ni da na haye dutsen Kamchik da fasinja hamsin cikin ƙanƙara, ƙasa ce za ta gagare ni? Ƙasar da ko motsi ba ta yi?"

"Ita ba ta motsi," in ji Mastura. "Kai ne nake tsoro."

Motar ba ta gama fita daga layi ba Normat ya isa gidan shayi. Ya haye gadon katako, ya harɗe, ya bari sai da kowa ya kai kofi baki sannan ya yi gyaran murya.

"Jama'a, bana za ku ga lambu. Ba irin naku na jiya da shekaranjiya ba. Lambu na ilimi."

"Ilimin wa?" in ji Holdar.

"Na wanda ya ga duniya, maƙwabci. Kai da ba ka taɓa wuce kasuwar shanu ba. Ku kuna zuba taki da cokali kamar masu sa gishiri a miya. Ni tipa zan kawo. Tafarnuwata, kai ɗaya sai mutum biyu sun ɗauka."

"To Allah ya ba mu rai," in ji Holdar. "Amma dai ka nemi ruɓaɓɓe. Ɗanye yana ƙona saiwa."

"Ruɓaɓɓe ai ragowa ne. Ni sabo nake saye."

Washegari da hantsi tipa ta shigo layi cike da kashin shanu sabo fil, yana tururi. Direban ya dubi ƙofar gidan Normat ya ce ba za ta shiga ba. Normat ya yi dariya.

"Ƙanena, tun kana cikin zani nake juya sitiyari. Bi hannuna kawai. Baya. Baya. Karya dama. Baya dai!"

Direba ya bi hannu. Aka ji ƙarar ƙarfe, ɓarin ƙofar ya rabu da bango ya kwanta. Direban ya ce shi kam ya gama, ya ɗaga bayan tipa ya juye kayan a inda yake tsaye, ya kama gabansa. Tudu ya tashi a tsakiyar layi, ya kai wuyan mutum, gindinsa kuma ya tokare ƙofar gidan da ke fuskantar nasa, gidan Inna Sanobar, tsohuwar da ko mai unguwa yake gaishe ta daga nesa saboda kaifin harshenta.

Taga ta buɗe. "Kai Normat! Mene ne wannan a ƙofata?"

"Arziki ne, Inna. In kina so in ɗebar miki."

"Ka riga ka ɗebar mini har cikin hanci! Ta ina zan fita?"

"Kwana biyu kawai, Inna, zan kwashe."

"Shekara saba'in da takwas ina fita ta ƙofa, yau ka mayar da ni mai hawa katanga? Ina Mastura? Wa ya ce ta bar ka kai kaɗai babu mai tsaro?"

Normat ya ɗauki baro ya yi sawu shida, bayansa ya ce ya isa. Ya dubi tudun bai ga alamar an taɓa shi ba. Ya haƙa wa Inna Sanobar wata 'yar hanya siririya ta gefe, ya sanar da duk mai wucewa cewa taki sai ya sha iska kwana uku, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba.

Ya koma kan shuka. A ɗakin ajiya ya tarar da buhuna biyu, kowanne cike da 'yan kawuna masu jan ɓawo. Ya zaɓi manyan ya ce waɗannan su ne furen, tunda Mastura ba ta wasa da furanninta, ya jera su a gefen hanya ya rufe. Tafarnuwa kuwa bai tsaya ɓarewa ɗiya-ɗiya ba, kai guda-guda ya riƙa cusawa a ƙasa, wai don su fito da haɗin kai. Da ya gama ya ji shi wani babban mutum, ya ɗora tukunya, ya yanka ƙananan kawunan nan da suka rage ya soya da nama, ya leƙa ta katanga.

"Maƙwabci, zo ka ci abincin manomi."

Holdar ya zo, ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya tsaya.

"Normat, wace irin albasa ce wannan?"

"Irin ta waje ce. Ba ta sa hawaye."

"Kawo ɓawon in gani."

Ya juya ɓawon a tafin hannunsa, ya tofar da abin da ke bakinsa, ya fara dariya har da riƙe ciki. "Furen matarka ka soya! Lolar bikin Sanjar! To me ka dasa a gefen hanya?"

Normat ya waiwaya ya dubi gefen hanyar.

"Albasar miya ka dasa! Wayyo Allah, amarya za ta shigo tsakanin layi biyu na albasa!"

"Ai da gangan ne," in ji Normat. "Fure ba a cin sa."

"Kai ka ci ai."

Don ya nuna babu komai, Normat ya cinye kwanon tas a gaban Holdar, ya suɗe hannu. Yinin ranar da washegarinta bai zauna ba, tsakanin ɗaki da bayan gida ya yi su. Yana cikin wannan zirga-zirga Mastura ta bugo.

"Yaya lambu, baban yara?"

"Lafiya ƙalau. Komai na tafiya."

"Me ya sa kake haki?"

"Aiki ne. Tun safe ban zauna ba."

"Ka sauko da inabin?"

"Shi ne na ƙarshe a tsari. Uwar yara, sai anjima, aiki na kira na." Ya jefar da wayar ya ruga.

Ranar Juma'a ya sami sauƙi, sai ya tuna sauran filin ba a huɗe shi ba. Ya kai shebur ƙasa, shebur ya dawo masa. Ya ce ba laifin ƙasa ba ne, ƙishirwa take ji. Ya zaga bayan gida inda magudanar ruwan unguwa ta bi. Kowane gida yana da ɗan allon ƙarfe da ake ɗagawa yatsa biyu in ruwa ya zo kansa. Normat ya ce yatsa biyu na matsorata ne, ya zare allon gaba ɗaya ya jingine da bango. Ya ga ruwa na shiga gwanin sha'awa, ya ce bari ya je gidan shayi ya ba da labari kafin ƙasa ta ƙoshi.

Labarin ya yi tsawo. Ruwa ya cika lambu, ya cika tsakar gida, ya ɗauki takalman Normat na bakin ƙofa, ya fita ta inda ƙofar ta faɗi, ya gamu da tudun taki. Suka haɗa kai suka gangara layi. Daidai lokacin maza suka fito cikin fararen kaya za su masallaci, mai unguwa Baba Abduvali a gaba da sandarsa. Suka ga wani kogi mai launin shayi da madara yana tahowa, takalmi ɗaya na yawo a samansa.

Baba Abduvali ya ɗaga gefen rigarsa, ya sa sanda ya tsamo takalmin. "Na wane ne?"

"Baba, ai ba sai an tambaya ba," in ji Holdar.

Ga Normat ya ɓullo daga kwana da gudu. Ya ja birki, ya dubi kogin, ya dubi fuskoki, ya gyara hula.

"Jama'a, kada ku damu. Wannan shi ake kira taki na ruwa. Duk bishiyar da ke layin nan za ta gode mini."

"Alwalata ma ta gode maka," in ji wani.

"Normat," in ji Baba Abduvali, "je ka toshe ruwan nan. Ranar Lahadi in zo in ga layi fes. In ba haka ba, a gaban jama'a za mu yi magana."

Da wani ne, da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa saboda kunya. Normat ko da ya toshe ruwan sai wata dabara ta faɗo masa. Abin da ya hana aikin tafiya, a ganinsa, shebur ne da baro, kayan mutanen da. Shi mutumin inji ne. Ya tafi wurin wani tsohon abokin aikinsa ya aro injin huɗa, irin mai taya biyu da ake riƙewa ta baya. Mai injin ya fara yi masa bayani, "Wannan na tafiya ne, wannan kuma in za ka tsay..."

"Bar shi, bar shi. Ni za ka koya wa inji?"

Sannan ya bi gida-gida yana gayyata. Ranar Lahadi bayan azahar kowa ya zo ya ga noman zamani, akwai shayi da gurasa.

Aka zo kuwa, har da waɗanda ba a gayyata ba. Maza suka jeru a gefen katanga, mata suka leƙo ta saman soro, Inna Sanobar ta sa aka kawo mata kujera a gaba. Tudun taki yana nan a layi, ruwa ya ɗan rage masa tsayi ya ƙara masa laushi.

Holdar ya matso ya yi ƙasa da murya, wannan karon babu tsokana. "Maƙwabci, ƙasar nan taɓo ce har yanzu. Kuma ka yi nesa da gindin inabin. Bari mu fara sauko da shi."

"Koma ka zauna ka koyi abu."

Ya ja igiya, inji ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya sake mutuwa. A na uku ya murɗa wani abu har ƙarshe, ya ja da ƙarfinsa duka. Inji ya yi wata kururuwa, ya zabura gaba, Normat na biye da shi.

Da farko kamar da gaske. Ya juyo yana murmushi, yana cewa, "Kun gani? Hannu ɗaya ma..." Bai ƙarasa ba injin ya shiga kunyar tafarnuwa, kawuna suka riƙa tashi sama suna sauka a kan 'yan kallo. Ya bi ta layin albasa ya tone ta kaf. Taɓo na fesowa baya, fuskar Normat ta ɓace, ido kawai ake gani.

"Tsayar da shi!" in ji Holdar.

"Ban gama ba!"

"Ja ƙarfen hagu!"

Normat ya ja na dama. Inji ya ƙara wuta. Yanzu ba tafiya yake ba, jan sa ake yi, ƙafafunsa na taɓa ƙasa jefi-jefi. Suka shiga akurkin kaji ta gaba suka fito ta baya, kaji suka watse cikin jama'a, wata ta sauka a kan hular mai unguwa. Suka yi kwana a jikin tanderu suka ɗebi gefensa.

"Sake shi mana, ɗan nan!" Inna Sanobar ta daka tsawa.

"Na aro ne, Inna!"

Daga nan injin ya miƙe sak ya nufi rumfa. Dariya ta yanke. Kowa a wurin ya san itacen nan da wanda ya dasa shi. Normat ma ya gani, ya danna da kafaɗa iya ƙarfinsa, haƙoran injin suka shafi gefen kututturen suka wuce, suka kwashe ginshiƙin rumfa. Rumfar ta yi tangaɗi, ta yi ƙara, ta kwanta gaba ɗayanta da inabin a kai. Inji bai waiwaya ba. Ya fita ta ƙofar da babu ƙofa, ya tsallaka layi, ya nutsa cikin tudun taki ya yi shiru. Normat ya tashi ta saman hannayen injin ya sauka da ƙafa a tsakiyar tudu, ya lume har ƙirji.

Jama'a suka fito suka kewaye shi. Ya tofar da abin da ke bakinsa, ya buɗe ido ɗaya.

"Kamar yadda nake faɗa," in ji shi, "an sauko da inabi."

A daidai nan wata mota ta tsaya a bakin layi, don babu hanyar shigowa. Mastura ta fito da jakarta. Ashe tun ranar Juma'a Inna Sanobar ta buga mata waya ta ce in tana son ta tarar da gida a inda ta bar shi, ta taho.

Aka dare mata. Ta wuce mijinta ko kallo bai samu ba, ta shiga gida, ta durƙusa a cikin taɓo gaban itacen. Ta shafa kututturen daga ƙasa har sama da tafin hannu. Ɓawo ya ɗaye a gefe ɗaya, faɗin yatsa uku, amma bai karye ba, saiwa kuma tana nan daram. Ta daɗe a durƙushe. Normat yana hango ta ta ƙofa.

Ta miƙe ta fito ta tsaya a gaban tudun.

"Uwar yara," in ji shi a hankali, "sannu da hanya. Yaya jaririn?"

"Jaririn lafiya lau. Sati guda ne da shi, ko kofi bai fasa ba tukuna."

Layi ya kwashe da dariya har da masu zama a ƙasa. Baba Abduvali ya goge hawaye, ya karkaɗe gashin kaza daga hularsa, ya ce, "To, an yi dariya, saura aiki. Biki na tafe, kuma sanyi ba ya jiran kowa. Gobe da safe gayya a gidan nan, kowa da shebur ɗinsa. Ku zaro shi."

Mutum huɗu suka zaro shi. Wandon bai biyo shi ba sai daga baya.

Washegari maza goma sha biyu suka zo. Suka kwashe layi, suka tara takin a lungu ya ruɓe har baɗi, suka ɗaura ƙofa, suka gyara akurki. Holdar da kansa ya shafe raunin inabin da laka, ya datse rassa, ya kwantar da shi ya rufe da ƙasa, Mastura na tsaye a kansa. Mata suka kawo kawunan lola daga gidajensu, wannan biyar, waccan goma, har suka fi na da yawa. Normat kuwa an ba shi kujera da butar shayi, da sharaɗin kada ya taɓa komai mai ƙota.

Da la'asar aka gama, aka shimfiɗa tabarmi, Mastura ta fito da shinkafa da karas da naman rago a manyan faranti. Ciki ya ɗauka, shayi ya zagaya sau biyu, sai aka ji gyaran murya. Holdar ya rufe ido.

"Jama'a," in ji Normat, "ina da tambaya. A cikinku wa ya taɓa sa maza goma sha biyu suka gyara masa lambu a yini ɗaya, shi yana zaune? Babu. To wannan shi ake kira tsari."

Baba Abduvali ya ajiye kofinsa a hankali. "Gaskiyarka, Normat. Amma ka san al'adarmu, gayya ramawa ake yi. Mutum goma sha biyu suka zo maka. Daga gobe za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ka yi masa yini guda a lambunsa."

Normat ya buɗe baki zai yi magana, amma an riga shi.

"Ni dai na yafe!" in ji Holdar, har shayi na zuba a rigarsa.

"Ni ma na yafe, Baba, duniya da lahira!"

"Nawa lambun an gama shi tun bara!"

"Ni ba ni ma da lambu, wallahi, siminti zan sa gobe!"

Cikin ɗan lokaci mutum goma sha ɗaya suka yafe, wasu har sau biyu. Baba Abduvali ya duba dama ya duba hagu, ya ce to ai shi ma yana cikin waɗanda suka riƙe shebur, kuma shi ma ya yafe.

Normat ya gyara zama, ya zuba wa kansa shayi, ya dubi matarsa. "Kin gani, uwar yara? Tsoro suke ji kada in kunyata su a gaban matansu."

"Haka ne, baban yara," in ji Mastura, tana tattara faranti. Ta dire su gaba ɗaya a cinyarsa. "Ni ce kaɗai ban yafe ba. Tashi."